Icen da Na Shanya a Kan Duwatsun Harra

Shekarar da aka hana sayar da icen jeji, saura kaɗan na rasa ɗakina.

Ɗakin yana cikin hosh ɗin Maigida, a unguwar Harra ta Yamma, a Madina. Hosh fili ne mai katanga a gefen gida. A cikinsa akwai ɗakina, da ɗakin kwano inda ake ajiye ice, da murhun da muka gina da baƙaƙen duwatsu. Ni ba ɗan gidan ba ne. Daga Cadi na fito. Na yi shekaru a gonakin auduga a Sudan, na binne mata da ɗa a can, sannan na ƙetaro teku. Na yi dako a unguwar Anbariyya har bayana ya ƙi. Wata rana Maigida ya same ni ina faskara wa wani mai tsire ice. Ya tsaya yana kallon hannuna, sannan ya ce akwai ɗaki idan zan riƙe masa wuta. Na ce zan riƙe. Iyakar maganar da muka yi ke nan, kuma a kanta na zauna shekara goma sha.

Shi a nan Madina aka haife shi. Kakansa ne ya zo hajji a ƙafa daga ƙasar Kano, bai koma ba.

Wutar ba ta gidansa kaɗai ba ce. Gida tara ke cin moriyarta a layinmu. Wanda ya zo Madina da zafi ba ya yarda ana sanyi a nan. Ana yi. Iska takan taso daga arewa ta shiga ƙashi, gidan siminti kuwa idan ya ɗauki sanyi ba ya saki. Da an idar da la'asar nake hura wuta. Maza su zo su kewaye ta, kowa da irin Hausarsa, ta Kano da ta Damagaram da tamu ta gabas, rabinta Larabci. A ɗora shayi. Idan ice ya ci ya zama garwashi, sai mata su fara aiko da kasko. Wata za ta dama kunu, wata turaren wuta, wata ƙafar tsohuwarta za ta gasa.

Akwai ƙa'ida ɗaya da ba a taɓa tsallakewa. Kaskon farko na Gwaggo ne. Ita ce yayar Maigida, kuma duk layin babu wanda ya kai ta shekaru. Sai an kai mata nata kafin wani ya ɗebi ko ƙwaya ɗaya.

A da, samur muke ƙonawa. Wata ƙaya ce ta jeji. Larabawan ƙauye ke kawo ta a bayan mota, matacciya, busasshiya, mai nauyi kamar ƙarfe. Ba ta hayaƙi. Garwashinta yakan kai asuba a cikin toka. Aikina kawai in sauke, in jera a ɗakin kwano, in rufe ƙofa. Da hukuma ta hana sara da sayarwa, ban yi musu ba, don ni da idona na ga yadda jejin ya ƙare. Amma hani ba ya ɗumama kowa. Icen da ake shigowa da shi daga waje ana sayar da shi a 'yan ƙananan ɗauri, kuma tsadarsa ba ta gida tara ba ce na wata uku.

Mai tsiren nan na Anbariyya, wanda har yau abokina ne, shi ya haɗa ni da wani mai gonar dabino a bayan gari. A gefen gonakin nan ana dasa wani itace da ake kira atil, don ya tare iska. Idan ya yi yawa sai a rage masa rassa. Mai gonar ya ce in kwashe, ya huta da shara. Ya ba ni takarda cewa daga gonarsa ne. Ban iya karanta ta ba, amma na adana ta. Na kwaso gungume-gungume, na jibge su a ɗakin kwano yadda na saba, na rufe ƙofa.

Da sanyi ya zo na hura. Wutar ta ƙi tashi. Icen yana tsuwa, kumfa na fita ta bakinsa, hayaƙi fari mai ɗaci ya cika hosh. Maza suka ja da baya suna share ido. Na yi ta fifita har na samu abin da ya yi kama da garwashi, na zuba a kaskon Gwaggo aka kai mata. Da ma tana da ciwon ƙirji. Kwana uku muna haka. A na huɗu aka kai ta asibiti, ta kwana biyu.

Babban ɗan Maigida ya same ni a bakin murhu. Ma'aikaci ne, mai mota biyu. Yana jin Hausa sarai, amma da Larabci yake mayarwa.

Ya ce, "Halas, ya Ammi. Wutar nan ta ƙare."

Ammi, wato baffa, haka yake kirana.

Ya ce zai saya wa kowane gida daffaya, abin ɗumama ɗaki na lantarki. Hosh kuma za a rushe abin da ke ciki, a shafe da siminti, motoci su samu wurin kwana. Bai ambaci ɗakina ba. Ba sai ya ambata ba. Ɗakin yana cikin abin da ke ciki.

Maigida yana zaune a kan tabarma yana jan carbi. Ya ce, "A ba shi sanyi ɗaya."

"Ya Baba, sai ya kashe mana ita?"

"Na ce sanyi ɗaya."

Ɗan ya juyo gare ni. Ya ce, "Tayyib. Idan Gwaggo ta yi tari ko sau ɗaya, ni da kaina zan kawo masu rusau."

Na ce na ji. Sauran sanyin shekarar ba a ƙara hura wuta ba. Maza suka daina zuwa. Da la'asar nakan zauna ni kaɗai ina kallon murhu. Ina da shekara sittin da wani abu, ba ni da kowa a ƙasar nan, ba ni da inda zan koma. Ban tsaya tunanin wannan da yawa ba. Ice nake tunani.

Da zafi ya fara shigowa, lokacin da ake yi wa dabino barbara, mai gonar ya sake rage atil. Na kwaso da wuri. Na ce a raina bara lokaci ne bai isa ba, bana zai yi wata shida a ɗaki. Na buɗe ɗakin kwano don in gyara wuri, na tarar da ragowar gungumen bara. Na ɗauko ɗaya na sa masa gatari. Bayansa a bushe, cikinsa kuwa da danshi, yana warin ruma. Wata shida a ɗaki, bai bushe ba. Na zauna a ƙasa da gatarin a hannu.

A bayan hosh akwai fegin Maigida da ba a gina ba. Babu komai a ciki sai baƙin dutsen Harra, mai ƙoƙo-ƙoƙo, wanda da rana ba ka iya taka shi ba takalmi. A nan Gwaggo ke shanya kuɓewarta. Ranar ta fito da sanda tana duba shanya, ta hango ni ta ƙofar baya.

Ta ce, "Kai, ɗan Cadi. Makoki kake yi?"

Na nuna mata cikin gungumen.

Ta taɓa da yatsa, ta shinshina. Ta ce, "Wannan ne ya kwantar da ni?"

"Shi ne, Gwaggo."

"A ina ya yini, a ina ya kwana?"

"A ɗaki."

"Ɗaki a rufe?"

"A rufe."

"To amarya ce?" Ta nuna kuɓewarta da sanda. "Shekaranjiya na yanka wannan. Taɓa ka ji."

Na taɓa. Ta ruɓushe a hannuna kamar busasshen ganye.

Ta ce, "Kuɓewa ma ta san inda rana take. Ku maza tara da gemu kun kulle ɗanyen ice a ɗaki kuna jiran ikon Allah."

Na ce ai ice ba ya kwana a waje, ruwa zai dake shi.

"Wane ruwan? Shekara nawa kana garin nan? Yaushe ka ga damina?"

Gaskiyarta ce. Dukanmu da damina a ka muke yawo. Ni na taso inda ake gudu da ice cikin rumfa da an ga gabas ta yi baƙi. Maigida bai taɓa ganin damina ba a rayuwarsa, amma ubansa ya gina ɗakin ice don kakansa ya gina, shi ma ya gada. Samur kuwa a bushe yake zuwa, ko a rijiya ka ajiye shi zai ci wuta, shi ya sa ɗakin bai taɓa tona mana asiri ba.

Washegari bayan asuba na fara. Na faskara kowane gungume gida huɗu, manya gida shida. Atil yana da sauƙin gatari idan ɗanye ne. Idan ya bushe sai ya yi gardama. Na ɓare ɓawon, don a nan gishirinsa da ɗacinsa suke. Na ɗebo na shimfiɗa a kan dutse ɗaya bayan ɗaya, ba mai hawa kan wani, farin cikin yana kallon sama. Da hantsi ya ɗaga nake tsayawa. Wanda ya yi taurin kai da ranar Madina, ɗaukarsa ake yi.

Maigida ya fito ya ga fegin nan fari fat da ice. Ransa ya ɓaci.

Ya ce, "Mene ne wannan? Ka mai da mini fili juji?"

"Shanya ce."

"Ice ake shanyawa? Tufafi ne? Idan ruwa ya zo fa? Ubana bai taɓa barin ice a waje ba."

"Ubanka samur ya ƙona."

Ya dube ni. Ban taɓa mayar masa da magana ba sai ranar. Ya ce mutane za su ce gidansa ya lalace. Na ce su ce. Ya juya ya shiga gida. Da yamma ya aiko mini da tuwo kamar kullum, na san bai kore ni ba.

Mai tsire yakan zo ranar da ba ya kasuwa, da nasa gatarin. Ba ya iya aiki bakinsa a rufe.

Ya ce, "Idan abin nan bai yi ba, ka dawo wurina. Akwai wuri a ƙarƙashin tebur."

"Kai ma a can kake kwana?"

"Ni a sama. Kai ne baƙo."

Sati uku muka yi kafin mu gama faskare. Tafin hannuna ya fashe, ya warke, ya sake fashewa. Daga nan sai juyi. Duk Juma'a kafin masallaci nakan bi su ɗaya-ɗaya in juya. Da zafin da ke nuna dabino ya zo, dutsen ya zama tanda. Rana na gasa ice ta sama, dutse na gasa shi ta ƙasa, har bayan magariba idan ka ɗora hannu za ka ji yana huci. Icen ya tashi daga fari ya koma ruwan ƙasa. Bakinsa ya tsattsage. Nakan ɗauki biyu in gwara su. Da fari ƙarar a dakushe take, kamar ka bugi buhu. Ina jiran ranar da za su yi ƙara mai zaƙi.

Da aka gama sarar dabino Maigida ya fara damuna. Kullum sai ya ce a shigar da shi haka nan. Ni kuwa manyan ba su gama ba. Nakan ce saura sati ɗaya. Na faɗi haka sau huɗu.

Ran nan bayan azahar iska ta canja. Na fito na ga hadari ya haɗo ta yamma, baƙi ƙirin. A Madina ruwa ba ya yawan zuwa, amma idan ya zo ba ya sallama, kuma a fegin nan yake taruwa. Icen wata shida yana shimfiɗe a ƙasa. Ni kaɗai, ko zuwa dare ba zan kwashe ba.

Na ɗauki biyu daga cikin manyan na gwara. Suka yi ƙara kamar an bugi ƙarfe.

Ban kira kowa ba, ban iya kira ba. Na fara ɗiba a hannu ina kaiwa ɗaki. A sahu na uku na ji Gwaggo tana dukan ƙofofin layi da sandarta. Kafin in dawo mutane sun fito. Telan layinmu ya bar kekensa. Direban da ke barcin rana ya fito da singileti. Mata suka fito da mayafi ɗaure a ƙugu. Aka yi layi daga fegi zuwa ƙofar ɗakin kwano, ice na tafiya hannu zuwa hannu, ni ina ciki ina jerawa, ina barin tazara don iska.

Maigida yana tsakiyar layi, yana miƙawa yana magana.

"Ban faɗa ba? Na ce ruwa zai zo."

Gwaggo ta ce, "Ka faɗa tun wata shida. Ko agogon da ya tsaya ya fi ka saurin dacewa. Miƙa ice."

Ana cikin haka ɗan Maigida ya dawo daga aiki da farar riga. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallo. Gwaggo ta ce masa, "Kai, ya waladi, hannunka na ado ne?" Ya cire agogo ya sa a aljihu, ya shiga layi.

Ɗigon farko ya same mu saura kaɗan. Abin da ya jiƙe bai fi ɗauri biyu ba, na ware shi gefe. Muka tsaya a ƙarƙashin kwano muna kallon ruwa yana dukan dutse, tururi na tashi. Rigar ɗan Maigida ta tashi daga aiki. Tela ya duba ta ya ce ko shi ba zai iya ceto ta ba.

Daga ranar na cire ƙofar ɗakin kwano gaba ɗaya, na jingine ta a bango.

Sanyi ya makara a shekarar. Da ya zo, da ƙarfinsa ya zo. Na share murhu, na kwashe tsohuwar toka. Bayan la'asar maza suka fara shigowa, har da waɗanda ba su cika zuwa ba. Ɗan Maigida ya zo ya tsaya a jikin katanga, hannu a aljihu. Na jera ƙanana a ƙasa, manya uku a sama, na sa busasshiyar kabar dabino a tsakiya. Ina shirin ƙyasta ashana sai ga Gwaggo, an riƙo mata kujera.

Maigida ya ce, "Yaya, ki koma ciki, za a kawo miki kaskonki."

Ta ce, "A kaina aka yi sharaɗi. A gabana za a hura."

Ta sa aka ajiye kujerar ta inda iska ke kaɗawa, inda duk hayaƙin da ya tashi zai same ta. Ɗan ya ce da ita ta matsa. Ta ce ya kula da aljihunsa.

Na tsuguna a gaban murhu. Na ƙyasta. Ashana ta farko ta mutu. Ta biyu ta kama. Kaba ta ci, ƙananan suka karɓa, sai wutar ta miƙe tsaye, ja da rawaya, tana ƙara ƙas-ƙas. Ɗan hayaƙin da ya fita siriri ne, ya tashi sama ya ɓace. Babu tsuwa, babu kumfa.

Kowa Gwaggo yake kallo. Ta miƙa tafukanta ga wuta, ta juya bayansu. Ta ja numfashi mai tsawo, da gangan, tana kallon ɗan ƙaninta. Ta sake ja. Muka jira. Manyan suka kama, suka fara zubar da garwashi.

Ta ce, "To, shayin fa? Ko kallona kuka zo yi?"

Mai tsire ne ya fara dariya, sauran suka bi. Na zuba garwashin farko a kaskonta, na ajiye a gaban ƙafafunta. Kafin a ɗora buta kasko biyar sun iso daga gidaje.

Ɗan Maigida ya bar jikin katanga. Ya tsuguna, ya ɗauki faskare ɗaya daga tsibin ya jinjina nauyinsa, ya ajiye. Ya zauna har aka zuba masa shayi, ya sha. Da zai tashi ya ce da ubansa, motocin za su iya kwana a titi, ai ba sanyi suke ji ba. Sannan ya ce da ni, "Allah ya ba ka lafiya, ya Ammi." Na ce amin.

Atil ba samur ba ne, ba zan yi ƙarya ba. Yana saurin cinyewa, garwashinsa ba ya kai asuba. Abin da samur ɗaya zai yi sai atil biyu. Amma wata uku muka yi muna hurawa kullum, ice bai yanke ba, kuma Gwaggo ba ta ga asibiti ba. Kafin sanyin ya fita, wasu mutanen unguwar Bani Harisa masu irin wutarmu suka zo ganin yadda na yi. Na kai su fegi na nuna musu dutse. Suka ce shi ke nan? Na ce shi ke nan, sai gatari da juyi.

Yanzu sanyi huɗu ke nan. Kafaɗata ta dama ba ta ɗaga gatari sama da kai, don haka tela da direba ke faskare, ni ina ɓare ɓawo ina jerawa. Ina nan a Harra ta Yamma, a ɗakina. Icen bana yana kan dutse, saura juyi biyu a shigar da shi.